Mussar Inna

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, bayan Inna ta fita takaba, ni da ƙannena muka yanke shawarar ta baro ƙauyenmu da ke bayan Wamakko ta dawo wurina a Minanata. Ba ta so ba. Sai da aka yi wata biyu ana lallashinta. Ranar da na je ɗaukarta na tarar ta ɗaure kayanta tun da safe: gadon ƙarfe, akwati ɗaya, tukwane, da turminta, don ta ce ba ta yarda da turmin birni ba. Abu ɗaya ne ta ƙi bari a jefa bayan mota, wani kwando da aka rufe da faifai aka ɗaure da tsumma. Na ji wani abu yana motsi a ciki.

Na ce, "Inna, mi na cikin kwandon ga?"

Ta ce, "Mussata ta. In ba a tahiya da ita, ni ma a bar ni nan."

Haka kyanwar nan ta shigo gidana, a kan cinyar Inna, a gaban mota. Mu nan Sakkwato mussa muke cewa. Fara ce, da wani tabo ja-ja a gadon bayanta kamar an zuba mata shayi. Ba ta da suna. In Inna na son ta zo, sai ta buga gefen kwano da cokali ta ce "mus, mus," sai ka ga ta ɓullo daga inda ba ka zata ba. Ni kaina ba ni da suna a bakin Inna. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa irin matan da ce, har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta ambaci sunana ba. In tana son wani abu a wurina sai ta dube ni kawai, ko ta faɗi maganar tana kallon wani wuri, ina zaune ina ji.

Da farko kowa ya ji daɗin zuwan mussar. Muna da wani ɗan ɗaki da muke ajiye gero da shinkafa, ɓeraye sun mai da shi gidansu. Cikin mako biyu sai wurin ya yi tsit. Matata ma, wadda ba ta cika son dabba a tsakar gida ba, ta riƙa jefa mata kan kifi. Wata rana ta bar tukunyar miya a buɗe, mussa ta zare tsoka ɗaya. Matata ta zo tana mita, Inna ta ce mata, "In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ki riƙa ruhe tukunyarki." Suka yi dariya, magana ta wuce.

Inna ba ta saba da zaman birni ba. A ƙauye ƙofarta a buɗe take wuni, mata na shigowa aron rariya suna zama hira. A Minanata kowa na bayan katangarsa. Ni ina fita kasuwa tun da hantsi, ina sayar da yadi da atamfa, sai la'asar sakaliya nake dawowa. Yara suna makaranta, matata na fama da aikinta. Saura Inna da mussarta a ƙarƙashin dogon yaron da ke tsakar gida, tana jan carbi, mussar kuma tana kwance a gefen tabarma. Sau da yawa nakan shigo in ji tana ba ta labarin mutanen ƙauye, wane ya sai da gona, wance ta yi jika. In ta ji takuna sai ta yi shiru.

Matsalar ta fara da haihuwa. Ta haifi huɗu, muka raba wa maƙwabta. Ba a daɗe ba ta sake haifar biyar. Muka nemi masu so, aka karɓi biyu, uku suka rage. Kafin mu ankara ga wani cikin. Waɗanda suka rage suka girma, suka haura katanga suka koma wani kango da ke bayanmu, can su ma suka shiga haihuwa. Waɗannan ba su san hannun mutum ba. In ka matso sai su yi maka tsaki su tsere. Sun rame, wasu ido na ruwa, wasu gashi ya zube. Suna shiga gidajen mutane suna buɗe kwanuka, suna kwashe 'yan tsaki. Unguwa kuwa ta san daga inda tushensu ya fito.

Ni dabarar da na sani ɗaya ce. Da 'ya'yan sun fara cin abinci sai in zuba su a kwali in ɗora a bayan babur, in ajiye su kusa da mahauta ko gefen bola, in ce wa kaina ai can akwai abinci. Ban taɓa komawa na ga abin da ya same su ba. Duk ranar da na yi haka, uwar takan wuni tana zagaya gida tana kuka, tana leƙa ƙarƙashin gado da bayan randa.  Inna kuwa ranar ba ta cin tuwon dare sosai.

Akwai 'yar maƙwabcinmu na gidan da ke kallon namu, a gabanmu ta girma, ta yi karatun likitan dabbobi a jami'a, tana aiki a wani ƙaramin asibitin dabbobi a wajen Sama Road. Tana shigowa gai da Inna in ta taso aiki. Wata ranar Juma'a da yamma ina gida ta shigo, ta durƙusa ta gaishe mu, sai idonta ya faɗa kan mussar. Ta jawo ta, ta shafa haƙarƙarinta, ta buɗe bakinta ta duba, ta taɓa cikin.

Ta ce, "Baba, mussar ga ta gaji. Dubi ƙashin bayanta. Ga wani ciki kuma. Haihuwar ta yi mata yawa."

Na ce, "To ya za a yi? Ai haka Allah ya yi su."

Ta ce, "Akwai aikin da muke yi. Ana yi mata allura ta yi barci, a ɗan tsaga cikin, a cire mahaifar, a ɗinke. Bai kai awa guda ba. Kwana kaɗan ta warke, ba ta ƙara haihuwa, muzurai su daina taruwa kan katangarku. In ta haifi wannan ta yaye, ku kawo mini ita."

Inna ta ajiye carbinta. Ta ce, "Ɗiyata, ba ta mutuwa?"

"Da yardar Allah ba ta mutuwa, Inna. Kullum muna yi. Har na kasuwa da ba su da mai su muna kamawa mu yi musu mu sake su."

Sai Inna ta juyo ta dube ni. Na san wannan kallon sarai. Ni kuwa sai na yi dariya. Na ce, "Mutane na kwance asibiti suna neman gado, ni in ɗauki mussa in kai ta tiyata? A ce mi ya same ni?" Da na ga ba wanda ya taya ni dariyar, sai na sake salo, na ce ni ina jin tsoron taɓa halittar Allah.

Inna ta ce, tana kallon gindin dogon yaro, "Bunsuru nawa maigidana ya fiɗiye da hannu nai? Sa nawa anka dandaƙe a garkenmu? Ban ji malamin da yat tsawata mai ba."

Na ce wannan daban, wancan daban. Likitar ba ta yi gardama da ni ba. Ta ce in tambayi malamai in zuciyata ba ta natsu ba, ta yi sallama ta tafi. Kuma na tambaya. Malamin da muke ɗaukar karatu a wurinsa bayan magariba ya ce mini magana ce da malamai suka yi saɓani a kanta, amma in don a kawar da cuta ne ga dabbar da ga mutane, kuma ba za a azabtar da ita ba, shi bai ga laifi ba. Ban kai wa Inna wannan amsa ba. Na riƙe ta a cikina.

Gaskiyar magana, ba addini ne ya hana ni ba, ba kuma kuɗi ba. Akwai majalisar da muke zama a ƙofar gidana da yamma, mu shida ko bakwai, duk magidanta. Ni ne mai bakin tsokana a cikinsu. Wanda duk ya yi wani abin dariya, ni ke raɗa masa sunan da zai bi shi shekara. Na hango kaina a kan babur da kwandon mussa ina nufar asibiti, na hango bakin da za su yi mini, na ji ba zan iya ba. Iyakar dalilina ke nan.

Mussa ta haihu, ta yaye, na kwashe 'ya'yan a kwali kamar yadda na saba. Inna ta ce, "Ɗiyar nan ta ce in an yaye a kai ta." Na ce bayan Sallah. Sallah ta wuce, ta sake cewa, "Har yau ba a kai ta ba." Na ce kasuwa ta yi zafi, a bari a sha ruwan farko. Karo na uku ba ta ma ƙarasa maganar ba, na ce, "Inna, na ji, za a kai." Kafin nan wani cikin ya shiga.

Cikin damina jikar Inna, ɗiyar ƙanwata, ta haihu a ƙauye, aka zo aka ɗauki Inna ta je ta yi musu kwana goma. Da za ta shiga mota ta tsaya a zaure ta ce wa matata, da ƙarfi yadda zan ji, "Ga mussa nan, ta yi nauyi. A riƙa zuba mata nono da sahe. Amana ta."

Kwana huɗu da tafiyarta, muna zaune a majalisa bayan la'asar, sai ga wani maƙwabcinmu mai kiwon tattabaru, fuska a murtuke. Ya zo ya ajiye tattabaru biyu matattu a kan tabarmata, a gaban mutane, wuyansu duk jini. Ya ce, "Alhaji, na yi haƙuri har na gaji. Gidanka ya zama gonar mussa. In ba ka iya da gidanka, hwaɗa muna mu taya ka." Wani a cikin majalisar ya ƙyalƙyale da dariya. Aka ba shi haƙuri ya tafi. Ni kuwa na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Ban tsaya tunanin cewa mussar Inna ba ta ko iya haura katanga a kwanakin nan ba, kuma ga na kango fiye da goma suna yawo. Abin da na sani shi ne an ci mini fuska a ƙofar gidana.

Washegari da na dawo masallacin asuba, gari ya fara haske, na ɗauki kwanon Inna na zuba nono, na buga gefensa da cokali. Sai ga ta ta fito daga ɗakin Inna da sauri. Ba ta taɓa guduna ba. Ta sa baki tana sha, na kama ta ta ƙeya na jefa a buhun shinkafa na ɗaure. Lokacin da na ɗaga ta na ji cikinta ya saki, ba nauyin nan, kuma tafin hannuna ya jiƙe. Na duba, ruwan nono ne. Na gani da idona. Na goge hannuna a jikin buhun na ce wa kaina na kwano ne ya zube. Matata ta leƙo daga madafa ta ce, "Alhaji, ina za ka kai ta? Inna fa ta ce amana." Na ce ta koma ga aikinta.

Ban bi hanyar Wamakko ba, don na ji ana cewa mussa na gane hanya, kada ta ɓulla ƙauye a gaban Inna. Na bi ta ɗaya gefen gari, na wuce gada, na gangara bakin gulbi inda ake noman shinkafa. Na kwance buhun na zazzage ta. Na zaci za ta ruga cikin ciyawa. Ba ta ruga ba. Ta tsaya tana kakkaɓe jiki, ta dube ni, ta yi kuka sau ɗaya. Da na tayar da babur ta biyo ni a guje. Ina hango ta a madubi, fara a kan jar ƙasa, har na hau kwalta na ƙara wuta.

Na wuce kasuwa na buɗe shago. Na yi ciniki ranar kamar kowace rana. Da yamma na shaida wa majalisa cewa na yi maganin abin, aka ce madalla.

Kashegari da rana matata ta kira ni a waya. Ta ce in zo gida. Ta shiga share ɗakin Inna ne ta ji wani siririn kuka a ƙarƙashin gadon ƙarfe. Ta jawo akwati, sai ga su a bayansa a kan wani tsohon zanen Inna: huɗu, ido bai buɗe ba, kowanne bai fi tafin hannu ba. Ɗaya ya riga ya sandare. Sauran suna ta rarrafe a kan juna suna laluben abin da babu.

Matata ta aika aka kira likitar. Ta zo da kayan aikinta a jiki, ta durƙusa ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce a kawo ruwan ɗumi a gora a naɗe da tsumma a sa musu, sanyi ke fara kashe su kafin yunwa. Ta haɗa wata madara ta nuna wa matata yadda za ta ɗiga musu da sirinji, da yadda za ta shafa musu ciki da auduga mai ɗumi, don a wannan kwanakin uwa ce ke lasar su kafin su iya fitsari. Sannan ta ɗago ta ce, "Baba, ina uwar?"

Na ce, "Ta ɓace."

Ta dube ni, ta dubi matata. Matata ta sunkuyar da kai. Yarinyar nan da na sha saya wa alewa tana ƙarama ba ta sake tambayata ba. Ta ce kawai, "In an gan ta a yi maza a kawo ta. Ba abin da ya kai nononta."

Na ɗauki babur na koma bakin gulbi. Na tafi da kwanon da cokalin. Na bi kunyoyin shinkafa ina bugawa ina cewa "mus, mus," ni da furfurata, manoma suna ɗagowa suna kallona. Wani dattijo mai gyaran kunya ya ce ya ga wata farar mussa jiya ta bi bakin titi ta nufi gari. Na bi titin a hankali ina duba kwalbati da gindin itatuwa, ina duba kan kwalta ma, ina addu'ar kada in ga abin da nake tsoro. Kwana uku ina wannan zirga-zirga, safe da yamma. Ban gan ta ba, a raye ko a mace. Tsakanin gulbi da Minanata akwai gada, akwai manyan motoci, akwai karnuka. Har yau ban san inda ta tsaya ba.

Biyu daga cikin ukun suka mutu a kwana biyun farko duk da ƙoƙarin matata. Ɗaya ta rage, mace, baƙa da farin ƙafa. Tattabarun maƙwabcina kuwa ba su daina mutuwa ba.

Ranar da Inna ta dawo, ta sauka da tsarabar ƙauye, gero sabon sussuka da man shanu a kwalba. Ta gaisa da kowa, ta sha ruwa. Sannan ta ɗauki kwanonta ta buga. Shiru. Ta sake bugawa. Ina tsaye a bakin zaure. Na ce, "Inna, mussa ta fita tun kwana biyar, ba ta dawo ba. Mun nema ko'ina."

Matata ta fito da 'yar jaririyar a cikin kwali ta ajiye a gabanta, ta ce ga abin da ta bari. Inna ta daɗe tana kallon kwalin. Ta sa yatsa ta shafa kan 'yar. Ta ce, "Mussa ba ta barin ɗiyanta ido ruhe ta tahi yawo. Shekara nawa nike tare da su." Ba ta dube ni ba. Ta ɗauki kwalin ta shige ɗaki.

Na jira faɗa, bai zo ba. Da ta zage ni ko ta yi kuka, da na samu ƙofar ba da haƙuri. Inna ta ci gaba da amsa gaisuwata safe da yamma, tana sa mini albarka in zan fita kasuwa kamar kullum. Abu ɗaya ne ya sauya, kuma sai da aka yi makonni kafin in lura. Ta daina neman komai a wurina. Da, in goronta ya ƙare takan ce, "Goro ya ƙare," ina zaune. In maganin ƙafarta ya kusa ƙarewa takan ajiye kwalin inda zan gani. Yanzu sai dai ta faɗa wa matata, ko ta aika wa ƙanena da ke ƙauye. Na riƙa sayo goron da kaina ina kai mata, ta karɓa ta ce, "An gode, Allah shi yi albarka," irin godiyar da ake yi wa baƙo.

Ita ta raini 'yar baƙar da sirinji har ta fara lasar kwano. Ta girma a ɗakinta. Da ta kai wata shida, wata ranar Talata na dawo gida da azahar don na manta makullin sito, na tarar ɗakin Inna a rufe. Na tambayi matata. Ta ce, "Sun tafi asibitin dabbobi ita da likita, a Keke Napep. Tun jiya ta hana a ba 'yar mussar abinci, wai haka aka ce." Inna da ba ta fita ko ƙofar gida sai da dalili, ga ciwon gwiwa.

Na bi su. Ban taɓa shiga wurin ba sai ranar. Ɗan gida ne mai ɗakuna uku da rumfar kwano a gaba. A ƙarƙashin rumfar mutane na zaune a benci, wani da rago mai tari, wani da kaji a keji, wata mata da akuya. A ƙarshen bencin ga Inna, ta yafa farin mayafinta, carbi a hannu, ta miƙe ƙafar da ke mata ciwo. Na gaishe ta na zauna kusa da ita. Ta amsa. Mai ragon ya tambaye ta me ta kawo, ta ce mussa. Ya ce, "Allah shi ba ta lahiya," ya ci gaba da shafa ragonsa.

A gefe guda an jera wasu kejin waya guda biyar an lulluɓe su da buhu. Wani ma'aikaci ya ce mini mussoshin kasuwar kifi ne da na bayan mahauta, marasa mai su. Suna ɗana musu tarko da kifi, a kawo su a yi musu aikin, maza a fiɗiye su, mata a cire mahaifa, a yi musu allurar ciwon haukan kare, a ɗan yanke tsinin kunne ɗaya don kada a sake kama wanda aka yi wa, in sun warke a mai da su inda aka ɗauko su. Na tsaya ina kallon idanuwansu ta ramin buhu. Na yi tunanin ko akwai jikokin mussar Inna a ciki, cikin waɗanda na zubar a kwali.

Ban gama wannan tunanin ba likitar ta fito da 'yar baƙar a naɗe cikin tawul, tana barci, harshe ya ɗan leƙo. Ta buɗe ta nuna wa Inna cikin. An aske gashin wurin, ga ɗinki uku, tsawonsu duka bai kai gaɓar yatsa biyu ba. Na tambaye ta, "An gama ke nan?" Ta ce, "An gama, Baba." Na duba agogo. Ko sallar la'asar ba a kira ba.

Na ce wa Inna ta bari in samo mota in kai su gida. Ta ce mai keken da ya kawo su yana jira.

Bayan wannan na je na samu likitar na ce mata bayan shagunanmu a kasuwa akwai mussoshi da yawa, in suna so su kawo tarkonsu ni zan riƙa dubawa. Na kuma roƙi mai kangon bayan gidanmu ya bari a ɗana a can. Cikin wata uku aka kama sha ɗaya a kangon kaɗai. Ni nake ɗaukar kejin a bayan babur in kai Sama Road, in dawo da su in saki. 'Yan majalisa sun yi mini suna, kamar yadda na zata. Sun yi dariya kwana biyu, rana ta uku aka koma maganar tsadar taki. Ɗaya daga cikinsu ma daga baya ya jawo ni gefe ya tambaye ni ko ana yi wa ta gidansa.

Na so Inna ta ji labarin abin da nake yi. Na san matata ta faɗa mata. Na tambayi matata me Inna ta ce. Ta ce, "Cewa ta yi madalla."

Shekara guda da 'yan watanni bayan haka Inna ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Lokacin bazara ne, zafi ya kai inda ya kai, ga wuta ba ta zama. Muka fito da ita ƙarƙashin dogon yaro da rana, muna karɓa-karɓar yi mata fifita. Wata azahar ya rage daga ni sai ita. Ta rame ƙwarai, idonta a lumshe. Na daɗe ina juya maganar a bakina. Na ce, "Inna, akwai abin da nike son in hwaɗa miki. Maganar mussarki. Ba ɓacewa ta yi ba. Ni na..."

Ta ɗaga hannu kaɗan, na yi shiru.

Ta ce, "Na sani tun ran da nid dawo. Nawa na yahe maka, duniya da lahira." Ta numfasa. "Nata kau, ba ni ka yahe shi ba. Ka yi ta roƙon Allah."

Na ce, "To, Inna."

Ta ce, "Ɗan ɗaga min kai, in sha ruwa."

Na ajiye mafici na tallafo ƙeyarta, na kai mata moɗa baki. Ta sha kaɗan, sauran ya gangaro ta gefen haɓarta, na goge mata da hannun rigata. Kwana tara bayan nan ta rasu, ranar Laraba da hantsi, muka kai ta ƙauye aka rufe ta kusa da mahaifinmu.